Sunan da Na Kira a Kufan Tungar Sambo

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma wagga ba ta bakin murhu ba ce, da ƙafata na taka ta na dawo.

Tun da muka komo daga ƙasar Benin, wadda muka tashi muna ce wa Dahome, ban huta da tambaya ba. In na je suna, a ce Inna Kulu yaya dajin? In na je gaisuwar mutuwa, kafin a shafa wata ta matso ta ce wai da gaske na ga giwa? Ƙawata Ta-Allah ta taso tun daga Geza don ta ji daga bakina. Na gaji da ba da shi guntu-guntu, shi ya sa na zaunar da jikata Rabi, wadda da ita aka yi tafiyar, na ce ta ɗauki alƙalami. Abu ɗaya na gindaya mata: akwai sunan da ba zai shiga takardar nan ba, sunan ubanta, ɗana na fari. Ita ma ba faɗinsa take ba, don haka muka shirya. Baban Rabi zan riƙa ce masa.

Sai na fara da abin da ya kai ni. Mahaifiyata, Iya, ba a nan Bagudo aka haife ta ba. An haife ta a wani ɗan ƙauye, Tungar Sambo, can cikin dajin da ke bayan Kandi. Tana yarinya Nasara ya ce dajin ya zama na namun dawa, kowa ya fita. Ranar tashi, yayanta, ɗan farin uwarsu, saurayi ne lokacin, ya ce bari ya je ya sauke amyarsa ta zuma daga itace. Bai dawo ba. Uwarsu, Kaka Dije, wadda ba ta taɓa buɗe baki da sunansa ba, ta tsaya gindin kuka ta yi ta kiransa har aka zo aka ɗauke ta. Iya ta ce daga ranar muryar uwarta ba ta biyo su ba, can ta bar ta. Da raɗa ta yi magana har ta rasu.

Da na haifi ɗana na fari, Iya ta roƙi mai gidana ya sa masa sunan yayan nan nata, ya sa. Ana yaye shi ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi, ita ta rene shi. Ita ta koya masa cewa in mutum yana daji ya ji an kira shi, kada ya amsa sai ya ga bakin da ya yi kiran. Da bulala ta koya masa wannan. Ni kuwa, takan ce muryata ta uwarta ce sak, kafin ta ɓace. In na kira kaji da safe sai in ga ta firgita. Da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe hannuna ta ce in Allah ya taɓa kai ni wurin nan, in yi sallama, in gaya wa wurin sun sauka lafiya.

Shekaru suka tafi. Rabi ce, da ta gama karatun jinya, ta zo da labarin cewa ana shiga dajin yanzu, in an ɗauki mai gadi ya raka mutum. Ta ce Turawa da harafi guda suka sa masa suna, ta zana mini shi a ƙasa, kamar haƙoran zarto, wai haka kogin Kwara ya lanƙwashe a can. Lokacin hanya na da lafiya, ba kamar yanzu ba. Na ce ta gaya wa ubanta ina son zuwa. Yana zaune a zaure yana jina, amma sai da ta je ta gaya masa. Ya ce ta gaya wa Inna bayan an gama girbi.

Haka muke ni da shi. Ya haura hamsin, ya yi aikin hajji, yana kai albasa har Kwatano, ban taɓa duban tsakar idonsa ba, ban taɓa ce masa ga ruwa ba. In tuwo ya sauka sai in ce wa bango a gaya wa mai gidan nan abinci na hucewa. 'Yan yanzu suna mana dariya. Mu haka muka tarar.

Muka fita da sassafe a motarsa, shi ke tuƙi, Rabi a gefensa, ni a baya. Kafin mu kai gadar Tuga na ce wa Rabi ta karkata madubin nan na tsakiya, don duk na ɗaga kai sai in ga idonsa a ciki. Ta karkata tana dariya, ya ce ta gaya wa Inna in mota ta buge mu ta baya ba ruwansa. Na ce ta tambayi ubanta ko motar tasa ta yi alkawari da ramuka ne, ba ta wuce ko ɗaya ba ta gaishe shi ba. A kan gada na ga Kwara ta cika ta yi shiru, masunta kamar ƙudaje a kanta. Muka wuce Ka'oje, muka karya da ƙosai a Tsamiya. Rabi ta sa ubanta ya sha maganinsa a gabanta, don yana da ciwon suga, kuma mutum ne mai mantuwa da cikinsa.

Ni na zaci iyakar ƙasa katanga ce. Igiya na tarar, an ɗaure ta da ganga, an rataya mata tsumma ja. Dawar da ke wannan gefe ita ce a wancan gefe, akuya tana shiga ta ƙarƙashi tana fita ba mai ce mata komai. Jami'an gefenmu suka duba mu suka sake mu. Na can, masu hula kamar tukunya, suka buɗe bayan mota, ɗaya ya zura hannu a ƙullin gumbar da na yi don sadaka, ya shinshina, ya tambaya da Faransanci. Baban Rabi na ta kame-kame. Sai na tuna gaisuwar Dandawa da Iya ke yi, na ce masa fofo. Ya tsaya ya dube ni, ya saki dariya, ya zuba mini Dandanci kamar ruwan sama, ban ji ko rabi ba. Na ba shi curin gumba, ya sauke igiya da kansa.

Bayan Segbana taya ta fashe. Muka zauna gindin ɗorawa ana faci. Nan na fara ganin gaisuwar Bargawa, mutanen yankin. Mata biyu suka haɗu a hanya, kowace da kaya a ka, suka durƙusa a tsakiyar turɓaya suna ta gunji ƙasa-ƙasa, wannan ta yi wannan ta amsa, har mai faci ya gama ba su gama ba. Na ce wa Rabi ta duba ta gani, su nan ba a gaisuwa a tsaye da waya a kunne.

A Kandi muka sauka gidan Hajiya Balki, mutuniyar Kamba ce da aure ya kai can, mijinta abokin cinikin Baban Rabi ne. Mace mai jiki da faɗa da alheri. Garin ya ba ni mamaki. Tsofaffi irina suna tuƙa babur da kwano a baya, zane a ɗaure. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ana rataye shi a hammata. Da rana ta take tsaka sai kowa ya rufe shago ya kwanta, kamar an yi mutuwa. Hajiya Balki ta kawo sakwara da miyar gyaɗa, da wani abu ja a ciki. Na ci ina laluben ƙashi ban samu ba, na ce wace dabba ce wagga? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wagashi ne, cukun Fulani, da karan dafi ake rina shi.

Da ta ji inda za mu, dariyar ta tsaya. Ta ce Turawa kaɗai ke shiga can, su biya don su ga giwar da mutanen ƙauye ke kora daga gona. Ta ce masu ɗibar zuma da ke satar shiga suna faɗin wasu wurare da ba sa yada zango, ko da rana. Na tambaye ta dalili, ta ce ita tuwo take sayarwa, ba ta sani ba. Ta cika mana gora da kunun zaƙi, ta ce wa Baban Rabi ya cire babbar riga, daji ba ɗaurin aure ba ne. Bai cire ba.

Da safe muka nufi arewa har Alfa Kwara, bakin dajin. Can na raba gumbata ga matan masu gadi. Can kuma na ga wata Baturiya, tsohuwa sa'ata, da gajeren wando da jaka a baya da sanduna biyu na ƙarfe, sun yi kwanaki suna yawo a ƙafa ita da mijinta, wai hutu suke. Ta dubi takalmina na roba, na dubi gwiwoyinta. Ba mu da harshe ɗaya. Ta miƙo mini sanda guda ta nuna ƙafata, na karɓa don kada in ba ta kunya.

Mai gadin da aka haɗa mu da shi sunansa Isuhu, Badande ne, dogo, da bindiga a kafaɗa, Hausarsa tana da gishirin Dandanci. Na faɗa masa abin da Iya ta bar mini: kuka biyu, ɗaya an kafa mata turaku har sama don hawa, da rijiya a gabas da su. Ya ce ya san wurin, kuka mai tsani suke ce masa, amma mota ba ta isa, sai an taka. Ya dubi furfurata. Na ce masa ni da ƙafa na je Illo na dawo da goyo, ya dubi mai babbar riga in yana neman wanda zai ji wa tsoro. Ya kafa mana doka: ba ɗaga murya, ba gudu, kuma kada kowa ya fita daga inda idonsa ke gani.

Mun ga namun daji, tun da shi kuke tambaya. Mun ga gwanki, mun ga gadu da 'ya'yanta sun ɗaga wutsiya suna gudu, gwaggon biri ya zauna kan hanya ya ƙi tashi kamar mai karɓar haraji. Giwa kuwa sai kashinta muka fara gani, tuli-tuli, yana hayaƙi. Inda hanyar mota ta ƙare muka sauka da hantsi, Isuhu a gaba, ni, Rabi, ubanta a baya yana haki. An ƙone wani sashe, toka har idon sawu, wani sashen kuma gamba ce ta fi mutum tsayi, in ka shiga ba ka ganin komai sai sama. Sandar Baturiya ta yi mini rana.

Muna tafe tsuntsaye na ta surutu. Ban san lokacin da suka daina ba, sai dai na ji ƙarar numfashina. Gamba ta buɗe, ga fili, ga kuka biyu.

Turakun suna nan, sun baƙe, kukar ta haɗiye rabinsu. Rijiyar ta rufta ta zama kwari. Ƙasa cike da tsingaro. Gefe guda ga dutsen niƙa, ɗansa na zaune a cikinsa kamar mai shi ta tashi ta je ta duba tukunya. Na tsaya na yi sallama. Ba wanda ya amsa, amma ku yarda da ni, shirun da ya biyo baya irin na ɗakin da ke da mutane ne, ba irin na ɗakin da ba kowa ba. Rabi ta matso ta kama gefen mayafina. Isuhu bai shigo filin ba, ya tsaya bakin ciyawa ya ce mu yi abin da ya kawo mu, ba ya son la'asar ta same mu nan.

Na zauna kusa da dutsen ina yi musu addu'a, ina niyyar in na yi azahar in isar da saƙon Iya. Baban Rabi ya ɗauki buta zai kewaya. Isuhu ya nuna masa bayan kukar, nan kusa. Ya dubi wurin, ya dubi inda nake zaune. Wa zai tsuguna inda uwarsa ke jin motsinsa, balle ɗan fari? Ni ma na kau da kai, kamar yadda ya kamata. Isuhu ya juya yana nuna wa Rabi sawun ɓauna. Cikin wannan ɗan tsakanin ya zarce kukar ya shiga gamba.

Muka yi salla ni da Rabi. Muka sallame, bai dawo ba. Na ce a raina ciki ne. Inuwar kuka ta matsa, bai dawo ba. Rabi ta duba waya, ba ta kama komai. Ta buɗe jaka ta ga kunun da dabinon da ta tanadar masa duk suna wurinta, ta ce tun karin safe bai sa komai a ciki ba, kuma ya sha magani, in sugansa ya faɗi zai kwanta ne kawai cikin ciyawa, ko a gabanmu yake ba za mu gan shi ba. Na ce wa Isuhu ya harba bindiga. Ya ce akwai giwaye da 'ya'ya a kwarin da ke ƙasa da mu, in ya harba za su watse, bai san ta kan wa za su bi ba. Ya ce sai dai kira, shi ma a hankali.

Isuhu ya kira Alhaji. Rabi ta kira Baba, ta sake, ta sake. Gamba ta shanye. Muka bi sawunsa, ya sauka wani kwazazzabo busasshe, ƙasa ta zama dutse, sawu ya ɓace. Rana ta karkata. Rabi ta juyo ta durƙusa a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba sai da sallah.

"Inna, ki kira shi. Muryarki ta fi tamu tafiya. Ki kira shi da sunansa, don Allah."

Tun ranar da liman ya raɗa masa shi ban taɓa ɗora sunan nan a harshena ba. Ko wani mai sunan ya zo sayen daddawa, mai sunan mutumin gidanmu nake ce masa. Na buɗe baki ya ƙi fita, kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Na dubi inuwa, na dubi dabinon da ke hannun yarinyar. Na ba su baya, na fuskanci kwarin, na kira.

Ban san muryar da ta fita ba. Ta tafi ta daki wancan gefen kwazazzabon ta dawo mini, kuma da ta dawo, na rantse ta fi tawa tsufa. Tsigar jikina ta tashi. Na sake kira, na sake. Ba amsa.

Isuhu, da ya yi gaba kaɗan, ya yafito mu da hannu. Gindin wata ƙirya ga buta a kife, ga wurin da mutum ya daɗe zaune, ciyawa ta kwanta. Ruwan butar bai gama shiga ƙasa ba. Ya nuna sawu, ya ce yanzun nan ya tashi, kuma da sauri, dubi yadda yatsu suka nutse. Ya ɗago ya dube ni.

"Mama, yana jinmu. Wanga sawu ba nemanmu yake ba. Gudunmu yake, kuma wajen giwaye ya nufa."

Rabi ta ce hankalinsa ne ya gushe, sugan ne. Ta buɗe baki za ta sake kira na sa hannu na rufe mata. Don ni na gane. Mutumin da Iya ta rena, yana cikin daji, ya ji muryar uwarsa tana kiran sunan da ya san uwarsa ba ta faɗi, me zai ce ke kiransa? Duk kiran da na yi, korarsa na yi.

Na tsaya na gyara ɗaurin zanena. Na juya wa sawun baya, na dubi Rabi, na ɗaga murya irin ta tsakar gida, irin wadda nake yi in an bar mini ƙofa buɗe awaki sun shiga.

"Ke Rabi, ki gaya wa ubanki in ya gama shiriritarsa mu za mu tafi. Mutum da girmansa ya sa tsohuwa tsayuwa cikin rana. Kuma ki ce masa butar mutane ce ya yar."

Isuhu ya dube ni kamar na zare. Muka tsaya jira. Ban san tsawonsa ba, na dai karanta duk abin da na sani. Sai gamba ta motsa, can ƙasa, ta hagu. Isuhu ya sauke bindiga daga kafaɗa. Ciyawa ta rabu, ga babbar riga, ta yage har ƙugu, ba hula, takalmi ɗaya. Yana tafe yana tangaɗi, gumi ya jiƙa shi, leɓɓansa fari fat. Bai dube ni ba. Ya zube gaban 'yarsa, ya ce da ƙyar:

"Ki gaya wa Inna ga ni."

Rabi ta yi ta tura masa dabino tana kuka tana masa faɗa. Ni na tafi na ɗauko butar, na kakkaɓe ta, na daɗe ina kakkaɓe ta. Muna nan sai muka ji ƙarar karyewar itace daga inda ya fito, kunnuwa suka bayyana saman ciyawa kamar faifai, uwa da ɗanta. Ita ce giwar da na gani, ku da kuke tambaya. Ba ta kula mu ba.

Da ya farfaɗo ya ba Rabi labari, ina gefe ina ji. Ya ce yana gama abin da ya kai shi, bai ko miƙe ba, ya ji Inna na kiransa da sunansa daga ƙasan kwari, da kuka a muryar. Ya zaci wani abu ya same ni, ya bi da gudu. Kiran na gaba, yana bi, har ya sauka kwazazzabon, sannan hankalinsa ya dawo ya ce yaushe Inna ta taɓa faɗin sunan nan? Ya zauna gindin ƙirya ya toshe kunne yana karatu. Da ya ji muryar Rabi da ta Isuhu ya ce abin ne ya sake baki. Da sunan ya sake tasowa, wannan karon ta bayansa, kusa, ya ce an zagaye shi, ya tashi da gudu.

Rabi ta ce masa ai Inna ba ta kira ba sai da rana ta karkata, lokacin da yake faɗi muna salla. Ya ce ya san abin da ya ji. Ta ce faɗuwar suga na sa mutum jin muryoyi, a littafinsu ma akwai. Isuhu dai ya ce mu tashi.

Hanyarmu ta komawa ta bi ta filin. Na ce su yi gaba kaɗan. Na tsaya gindin kuka mai tsani, inda Iya ta ce uwarta ta tsaya, na yi sallama ta biyu. Na ce: "Kaka, Kulu ce, ɗiyar ɗiyarki. Wanga nawa ne, ba naki ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Naki yana wurin Allah. Iya ta ce in gaya miki sun sauka lafiya tun tuni. Ki huta haka nan." Daga baya na tambayi liman ko na yi laifi, ya ce sallama ga waɗanda suka riga mu ba laifi ba ce, sauran kuma Allah ne masani. Abin da na sani, ban kai bakin ciyawa ba wata kurciya ta yi kuka a kan kukar, sauran tsuntsaye suka ɗauka.

Isuhu ne ya tuƙa mu zuwa bakin daji. Hajiya Balki ta ga rigar, ta riƙe baki, ba ta ce na gaya maka ba sai da ya ci ya ƙoshi. Da muka iso igiya, mai hula kamar tukunya ya tambayi ko da sauran gumba.

To, ga inda kowa ya kwana. Hajiya Balki tana nan Kandi, duk wanda zai zo sai ta aiko mini da wagashi. Isuhu, da daji ya lalace da 'yan bindiga, ya ajiye aikin ya koma noman auduga, ya taɓa zuwa har Bagudo ya gaishe ni. Baturiya ban sake jin labarinta ba, sandarta ce ke kai ni masallacin Idi. Baban Rabi yana nan da albasarsa, dabino ba ya rabuwa da aljihunsa, kuma bai ƙara shiga ko gonar gero shi kaɗai ba. Ba mu taɓa tada maganar ba, ni da shi. Sunan ma ban sake faɗinsa ba. Sai dai yanzu in na ce wa bango a gaya wa mai gidan nan, kafin bango ya gaya masa ya iso.

Rabi ta yi aure a Lafagu, bara ta haifi ɗan fari, namiji, mijinta ya sa masa sunan ubanta. Kunya biyu ke nan ta hau kanta, ta ɗa da ta uba. Ranar da ta gama wanka na shiga ɗakinta na tura ƙofa, na ce mata gaban mutane ta yi kara yadda aka saba, ban hana ba. Amma in ɗaki ya zama daga ita sai shi, ta sunkuya ta faɗa masa sunansa a kunne, ya tashi ya san yadda yake a bakin uwarsa.

Ga ta nan ta sunkuyar da kai tana rubutawa. Ban tambaye ta ko tana yi ba. Nan na sauke kayana.